Kafin ka tura su daji da GPS

Ka tambaye ni da me za ka fara idan aka ba ka ma'aikatan gandun daji ka koya musu GPS ta hannu. Ba zan ɓata bakina kan kunnawa da sa batir ba, yaro. Fara da datum, wato ma'aunin da ake ɗora lissafin lambobin wuri a kansa.

Na'urar tana fitowa daga kamfani a kan datum ɗin da ake kira WGS84, tsohuwar taswirar gandu kuwa galibi a kan wani datum daban aka zana ta, tazarar kuma kan kai mita 100 ko fiye. Har yau raina yana ɓaci in na tuna wata tawaga da aka tura fitar da iyaka. Suka kwafi lambobi daga taswira suka zuba a na'ura, ba wanda ya leƙa saiti. Layi ya fita miƙe ɗoɗar, amma ɗungurungum ya goce cikin gonakin mutane. Aka share, aka kafa turakun siminti, aka yi dashe. Damina na kankama masu gona suka tuge komai, kuma suna da gaskiya. Itatuwan da aka yi wata da watanni ana raino, kuɗin leburori, man mota, duk sun bi ruwa, shekarar dashe ta wuce. Aikin minti ɗaya ne, da an yi shi da ya hana wannan asara!

Saboda haka ranar farko ka kai su kan turken da aka san lambobinsa, kowa ya karanta tasa. Wanda ya kauce da fiye da mita 10 a fili, a duba saitinsa nan take. Tsarin lambobi ma ya zama ɗaya: in UTM ne, wato tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya, a rubuta har da lambar shiyya.

Sai maganar haƙuri, abin da samarin yanzu ba su da shi. Sun saba da waya, suna tafe suna dannawa. Na'urar tana buƙatar siginar taurarin ɗan'adam huɗu aƙalla. A fili kuskurenta mita 3 zuwa 5 ne, ƙarƙashin manyan itatuwa kuwa ya kan zarce 10, don ganye yana tare sigina, kututture yana karkatar da ita. Su tsaya cak, su ɗaga ta nesa da ƙirji, su bar ta minti biyu tana ɗaukar matsakaici kafin su adana. In tana kama GLONASS ko Galileo, wato taurarin Rasha da na Turai masu aiki irin na GPS, a kunna.

Kowane wuri kuma a rubuta shi a littafi da fensir, da suna da lambobi. Wanda ya dawo maka da 001, 002 da na'ura take sa wa wuri da kanta, ba bayani, ka mayar da shi daji ya sake.