Ƙorafe-ƙorafe 27 a kan Sarki George na Uku

Tambaya: Malam, na ji an ce takardar 'yancin kan Amurka yawancinta ƙorafi ne a kan sarkin Ingila. Me ya yi musu, kuma ina ruwan gwamnatin yau da wannan tsohon zance?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Takardar da Thomas Jefferson ya tsara, majalisar wakilan yankuna 13 da Birtaniya ke mallaka a Amurka ta amince da ita a Filadelfiya ranar 4 ga Yuli, 1776, ta jera ƙorafe-ƙorafe 27 a kan Sarki George na Uku. In ka tankaɗe su, akasari kuɗi ne da shari'a da soja.

A 1765 aka wajabta hatimin haraji a kan jarida, takardun kotu, har da karta. Ba yawan kuɗin ne ya dame su ba, sai cewa majalisar da ta ɗora shi tana Landan, ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. An janye shi a 1766, amma rigimar ta koma kan shayi, har mutanen Boston suka zubar da akwati 342 a ruwa a 1773. Shi ya sa tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ce dokar haraji daga majalisar wakilai za ta taso.

Maganar alƙalai ta fi wannan nauyi a ganina. A Ingila tun 1701 sarki ba ya iya tsige alƙali don ra'ayin kansa, amma a yankunan mallaka alƙali yana kan kujera ne muddin sarki ya ga dama. A 1772 kuma fada ta karɓi biyan albashin manyan alƙalan Massachusetts daga hannun majalisar yankin. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Maganin da suka samo biyu ne: alƙalin tarayya yana nan har mutuwa ko ritaya matuƙar bai yi laifin tsigewa ba, kuma ba a rage masa albashi yana kan aiki. Duk ƙasar da ɓangaren zartarwa ke riƙe da aljihun kotu, wannan ƙorafin bai tsufa a can ba.

Soja kuwa, an hana sauke shi a gidan mutum lokacin zaman lafiya ba da yardarsa ba, kuma majalisa ba ta ware wa rundunar ƙasa kuɗin da ya wuce na shekara 2 a lokaci guda.

Tambaya: To sarkin ne da kansa ya sa harajin?

Amsa: A'a, majalisar dokokin Birtaniya ce. Mutanen yankunan sun riga sun ce ba ta da iko a kansu, saura mubaya'ar sarki kaɗai, don haka shi suka tuhuma domin su tsinke igiyar ƙarshe. Takardar ma ba ta rasa tabo ba. An goge sakin layin da Jefferson ya soki cinikin bayi, aka bar wanda ya kira 'yan asalin ƙasar marasa tausayi. Har yau kuma mazauna birnin Washington suna biyan harajin tarayya, alhali wakilinsu ba ya jefa ƙuri'a a zauren majalisa, ba su da sanata, kuma suna rubuta wannan kukan a jikin lambar motocinsu.