Wane Kayan Fatsa Zan Saya wa Ɗana Don Kamun Kifin Turawut a Rafi?

Tambaya: Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka, kuma ɗana mai shekara 12 ya matsa mini lamba in koya masa kamun kifin turawut (wani kifin ruwan sanyi) da ƙwaron bogi, kamar yadda ake yi a rafukan tsaunukan nan. Ni fatsa da tana kawai na sani tun ina yaro a Yawuri. Me zan saya, kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, wannan fatsar ta sha bamban da wadda ka sani, domin ƙwaron da ake ɗaurawa gashin tsuntsu ne da zare a jikin ƙugiya, ba shi da nauyi, saboda haka nauyin igiyar ne ke kai shi inda ake so. A kan igiyar ya kamata ka kashe kuɗi, ka nemi mai yawo a saman ruwa wadda nauyinta ke gaba. Abin naɗe igiya kuwa mai araha ya wadatar, tunda kifin rafi ba kasafai yake jan igiya da nisa ba.

Masu shago za su nuna maka sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 5 (lambar nauyin igiyar da ta dace da ita), amma a ƙaramin rafi mai bishiyoyi rabin yinin yaron zai ƙare wajen ciro ƙugiya daga reshe. Mai ƙafa 7 da rabi, lamba 3 ko 4, ta fi dacewa da hannunsa. Kamfanonin Orvis da Redington suna sayar da kayan masu koyo a haɗe. Ƙwari iri uku sun isa: Parachute Adams da Elk Hair Caddis masu yawo a sama, da Pheasant Tail mai nutsewa, masu girman ƙugiya lamba 14 ko 16. Ka matse ƙayar ƙugiyar da filaya, ka kuma sa masa tabarau, domin idonsa ya fi kowane kifi daraja.

Kada ku fara a bakin ruwa. Ku je filin ciyawa, ka ɗaura ɗan ulu maimakon ƙugiya, ya yi ta jifa har ya iya dakatawa igiyar ta miƙe a bayansa kafin ya wurgo ta gaba. A rafin, ku riƙa takawa sama a hankali, domin turawut yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, wanda ya zo ta bayansa ba ya saurin firgita shi.

Tambaya: Dole ne in sayi dogon wandon roba na shiga ruwa?

Amsa: Da bazara ba dole ba ne, takalmi mai kama dutse ya isa. Gara ka sayi ma'aunin zafin ruwa, domin idan ya kai digiri 20 a ma'aunin Celsius kifin yana galabaita, kuma wanda aka kama aka saki yana iya mutuwa. Kai sai ka yanki lasisi, amma a Kolorado yaron da bai kai shekara 16 ba an ɗauke masa.