Rediyon setilayit a cikin tirela: wanne zan saya, kuma zai yi wa Baba aiki a Maraɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne a Amurka, ina zaune a Greensboro, amma aikina yana kai ni har yammacin ƙasar. Da zarar na shiga Wyoming ko Nevada sai FM ta ɗauke, wayar ma ba sabis, in yi ta tafiya ba abokin hira sai kukan inji. Abokan aiki sun ce in yi rajistar SiriusXM, kamfanin rediyon setilayit. Na duba, rediyoyin kala-kala, tsarin biyan ma kala-kala, kaina ya ɗaure. Wanne ya kamata in saya? Zan samu BBC Hausa a ciki? Ina kuma tunanin in sayi biyu, in aika wa mahaifina ɗaya a Maraɗi, don shi da rediyo ba sa rabuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare hanya. Bari in fara da ta Baba, don kada kuɗinka ya tafi a banza: kada ka aika masa. Ba a biya ko rashin biya matsalar take ba. Taurarin ɗan'adam da sababbin rediyoyin kamfanin ke kamawa suna tsaye ne a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, daidai saitin nahiyar Amurka, a wajen digiri 85 da 115 yamma. Maraɗi tana wajen digiri 7 gabas. Daga can doron duniya ya kare su gaba ɗaya, kamar yadda rana ke ɓacewa bayan magariba. Ko eriyar ta kai girman faifai, babu abin da za ta kamo. A Hawaii ma, da take cikin Amurka, sai dai mutum ya saurara ta intanet.

Na san abin da ya sa tunanin ya zo maka, don an taɓa yin irinsa a Afirka. Wani haifaffen Habasha, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba tauraron AfriStar a 1998, kamfanoni irin su Hitachi da Sanyo da JVC da Panasonic suka ƙera rediyoyinsa masu 'yar eriya shafaffiya. Abin ya yi kyau a takarda. Amma mutumin da ke kama BBC kyauta da rediyon batir mai gajeren zango, me zai sa ya sayi akwati mai tsada, daga baya kuma a ce ya riƙa biya? A 2008 kamfanin ya durƙushe. Abin da zai amfani Baba shi ne rediyo mai kyau mai gajeren zango da FM, wanda ake cajinsa da hasken rana. In kuma akwai farantin setilayit da dikoda a gidan, a sa yara su duba masa ɓangaren rediyo na dikodar, yawanci akwai tashoshin murya da mutane ba sa ma leƙawa.

BBC Hausa kuwa babu ita a SiriusXM. Akwai BBC ta Turanci, akwai tashoshin Sifaniyanci da na Faransanci daga Kanada, amma babu tashar Hausa ko guda. Wannan ya kamata ka riƙe kafin ka zaro kati, domin idan muryar gida kake nema, a wayarka take. Ka sauke shirye-shiryen BBC Hausa da DW da RFI da wa'azozin da kake so tun kana wurin da ke da intanet, a tashar manyan motoci ko a gida kafin ka fita, sai ka saurara a daji ba tare da sabis ba. Ka dai jera su tun motar na tsaye. Tun 2012 dokar tarayya ta hana direban babbar mota riƙe waya a hannu yana tuƙi, tarar tana iya kaiwa dala 2,750 ko fiye, kuma ka fi ni sanin abin da irin wannan laifi ke yi wa lasin ɗin mutum.

To, saura tambayar taka ta asali. In zaɓi tsakanin kamfanoni ne, gaskiya babu wani zaɓi a nan. A 1997 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba da lasin rediyon setilayit biyu kacal. XM ta fara watsa shirye-shirye a 2001, Sirius ta biyo baya a 2002, suka yi ta gasar zuba kuɗi wajen sayen izinin watsa wasanni da ɗaukar masu shirye-shirye har kowanne ya ci bashi ya ƙoshi, sai suka haɗe a 2008. Yau kamfani ɗaya ne, mai masu biya sama da miliyan 30. Abokin takararsa na gaske shi ne wayar da ke aljihunka, da Spotify da YouTube da sauransu. Mai tasi a cikin New York, wanda sabis ba ya yanke masa, ni ban ga dalilin da zai sayi rediyon setilayit ba. Kai kuwa da kake ratsa babbar hanyar I-80, kai ne ainihin wanda aka yi abin dominsa. Tasha ɗaya za ka kama daga Karolina ta Arewa har gaɓar tekun yamma ba ka taɓa maɓalli ba. Akwai ma tasha ta direbobin manyan motoci zalla, Road Dog Trucking, inda ake maganar dokokin hanya da farashin dizal da gyaran inji, direbobi suna bugo waya.

Wannan haɗewa ta 2008 tana da wutsiya da ta shafe ka. An haɗa kamfani amma ba a haɗa na'urori ba, kowane ɓangare da zangonsa da irin rediyonsa. Sababbin rediyoyi masu tambarin SiriusXM a kan tsarin XM aka gina su. Saboda haka idan ka ga tsohon rediyo da aka rubuta Sirius kaɗai ana sayar da shi arha a intanet, ka wuce. Haka wanda mai shi ya ce maka wai an biya masa kuɗin har abada. An taɓa sayar da irin wannan rajista, an daina, kuma rigimar mayar da ita daga wani rediyo zuwa wani sai da ta kai kotu. Ba ka da hanyar tabbatar da cewa ba za a yanke ta gobe ba. Araha ba ta ado.

Kafin ka sayi komai, duba rediyon da ke cikin motar. Manyan motoci da yawa suna zuwa da abin a ciki. In ka ga maɓalli mai SAT ko SXM, danna shi ka je tasha ta 0, za ta nuna maka lambar rediyon. Tasha ta 1 kuma tana magana ko ba a biya ba. Idan ka ji ta, eriya da na'ura lafiya suke, rajista kawai ta rage. Amma a nan sai ka tambayi kanka: motar ta wa ce? Rajista tana bin lambar rediyo ne, ba ta bin mutum. In motar kamfani ce, yau kana wannan, wata mai zuwa an canja maka wata, za ka yi ta kiran waya kana roƙon a mayar maka da rajistarka, wani lokaci har da ɗan kuɗi. In motarka ce ta kanka, yi amfani da na cikinta, ya fi tsabta, ba wayoyi suna reto a gabanka.

Ga direban kamfani, shawarata ita ce ƙaramin rediyon nan da ake ɗorawa a kan mazauni a cire, dangin Onyx. Onyx EZR shi ne mai sauƙin kuɗi, allonsa baƙi da fari, kuma ya ishe ka. Onyx Plus yana da allo mai launi, yana kuma bari ka tsayar da shiri ka koma baya kaɗan, abin da ke da amfani idan an tsayar da kai a sikeli ana tsakiyar labarai. Akwai Tour, mai haɗa setilayit da intanet, tsarin da suke kira 360L, amma ƙarin abubuwan da ya fi sauran da su sai da intanet suke aiki, kai kuwa rashin intanet ne ya kawo ka. Ban ga hikimar biyan ƙarin ba. Wanda kuma ya riga ya canja rediyon motarsa zuwa irin su Pioneer ko Kenwood masu rubutun SiriusXM-Ready, ɗan akwatin SXV300 kawai zai saya a ɓoye masa a bayan rediyon.

Yanzu ga inda mafi yawan direbobi ke faɗuwa, su dawo suna zagin kamfani: eriya. Wadda ke zuwa a kwali ƙarama ce mai maganaɗisu, an yi ta ne don rufin ƙaramar mota na ƙarfe. Kan tirela kuwa galibi alminiyom ne ko fayiba, maganaɗisu ba ya kama shi. Sai mutum ya ajiye ta a kan dashbod, bayan gilashi, ƙarƙashin wannan dogon rufin ɗakin kwana. Ka tuna taurarin suna kudu da kai. Muddin ka fuskanci kudu sauti ras, da ka juya arewa rufin motarka da kansa ya shiga tsakani, sai allo ya ce yana neman sigina. Sayi eriyar da aka yi don manyan motoci, mai sanda, wadda ake ɗaurewa a ƙarfen madubin gefe ko a bayan kan motar, ta ɗago sama har ta hangi sararin samaniya ta kowane ɓangare. Kada ka matse wayarta a bakin ƙofa, siririya ce, tana karyewa daga ciki ba ka gani. Da a ce in zaɓa tsakanin rediyo mai tsada da eriyar kwali, ko rediyo mai arha da eriya mai kyau, na biyun zan ɗauka ba tare da na tsaya tunani ba.

Ko da eriya mai kyau, za ta riƙa ɗaukewa a cikin hanyar ƙarƙashin dutse, da ƙarƙashin rumfar gidan mai, da wasu kwazazzabai inda tsauni ya tsaya a kudu. Wucewa ƙarƙashin gada ba ya yanke ta, domin rediyon yana tara 'yan daƙiƙoƙi na sauti a ajiye. A manyan birane kuma akwai turakun ƙasa da ke maimaita siginar saboda dogayen gine-gine.

Wajen haɗa shi da lasifikan mota, in akwai ramin AUX yi amfani da shi. Turawa ta FM tana aiki, amma kai da kake ratsa gari goma a yini, kowane gari da tasharsa a kan zangon da ka zaɓa, za ka gaji da canjawa. Kuma kada ka sa ran sautin faifai. Tashoshi fiye da 100 aka cusa a ɗan siririn zango, dole aka matse su. Magana da labarai da ƙwallo lafiya lau, mai kunnen kiɗa kuwa zai ji bambanci, manhajar kamfanin ta waya ta fi shi daɗin sauti.

Sai kuɗi. Sunayen tsare-tsaren suna canjawa kusan kamar kayan sallah, don haka kada ka haddace suna, ka fahimci tsarin. Akwai na manhaja kaɗai, wanda ba ya kunna rediyon setilayit ko kaɗan. Wannan ba naka ba ne, kuma mutane suna ruɗewa su saye shi saboda arha. Akwai na kiɗa kusan zalla, akwai na tsakiya mai kiɗa da labarai da hira, sai babba mai dukkan wasanni, wanda cikakken farashinsa ya haura dala 20 a wata. Rubuta tashoshi biyar da ka san za ka saurara, ka duba jerin kowane tsari, ka ɗauki mafi ƙanƙanta da ya ƙunshe su. Yawancin direbobi na tsakiyar ya ishe su. In ƙwallon Ingila ce ta dame ka, akwai tashar SiriusXM FC, amma ka duba wasannin da suke da izinin watsawa a kakar da ake ciki, don izinin yana sauya hannu. A yawancin tsare-tsaren tashoshin kiɗansu ba talla, na hira da labarai kuwa akwai talla, kada ka ce an cuce ka.

Abin da nake so ka fi kula da shi shi ne farashin talla. Za a ba ka watanni na gwaji kyauta ko shekara guda a kan 'yan daloli a wata, a karɓi lambar katinka. Ranar da wa'adin ya cika, ba mai buga maka waya, sai dai ka ga an cire cikakken farashi, kuma haka za a ci gaba. Tambayi jimillar abin da za a cire a wata har da haraji da kowane ƙari, ba lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Sa wa wayarka tuni mako biyu kafin ranar. In ta zo, kira su ka ce za ka bari. Sanannen abu ne a tsakanin masu amfani da shi cewa sai a lokacin ake fito da rangwame, ciniki ne irin na kasuwar Maraɗi, sai ka juya baya ake kiranka. Fita ma da wuya take: a watan Disambar 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai kamfanin kotu kan wahalar da masu son soke rajista, kuma a Nuwamban 2024 alƙali ya ce hanyar sokewar tasu ta saɓa wa dokar tarayya. Don haka duk ranar da ka soke, karɓi lambar shaida ko saƙon imel, ka ajiye.

Rediyo ɗaya rajista ɗaya ne. In uwargida tana so a motarta, sai an biya wa nata daban, ko da yake suna rage wa na biyu. Amma yawancin tsare-tsaren mota suna haɗawa da manhajar waya, ita da ke cikin gari tana iya saurara ta nan ba tare da an ƙara ko sisi ba. In kuma kayanka suna kai ka Kanada, rediyonka zai ci gaba da kamawa a kudancin ƙasar, ba sai ka yi wata rajista ba.

Bayan ka biya, faka motar a fili inda ba rumfa ba itace, kunna rediyon ka bar shi kamar minti 15 har siginar buɗewa ta iso. In tasha ta 1 kaɗai yake ba ka, shiga shafinsu ka sa lambar rediyon a sake turo maka siginar. Kuɗin rediyon na biyu kuma ka tura wa Baba ya sayi mai sola. A gaishe shi.