Gyambon baki: wanne ke warkewa da kansa, wanne ke buƙatar asibiti?

Tambaya: Likita, ƙananan gyambuna masu farin tsakiya da jan gefe kan fito mini a cikin leɓe. Ko ciwon sanyi ne?

Amsa: Ba sanyi ba ne, Malama, kuma ba a ɗaukarsa. Shi da raunin cizon harshe ko na karyayyen haƙori su ne gyambunan baki da muka fi gani a asibitin haƙori. Kusan mutum 1 cikin 5 kan yi shi. Ki riƙa kurkure baki da rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi sau 3 a rana, ki rage yaji. Cikin kwana 7 zuwa 14 zai warke. In yana yawan dawowa, a auna jininki.

Tambaya: Ina da juna biyu, wani tsiro ya fito mini a dasashi yana jini.

Amsa: Sauyin jiki na ciki ke kawo shi, yawanci yakan koma bayan haihuwa. Kar ki daina goge haƙori, amma ki je a duba.

Tambaya: Mahaifina yana da gyambo a gefen harshe wata 2, ba ya masa zafi sosai. Yana sa garin taba a baki. An ba shi kanwa, wani kuma ya ce a ɗiga ruwan batir.

Amsa: Subhanallahi! Ruwan batir a bakin mutum? Guba ce mai cinye nama, kanwa ma ƙona wurin take yi. Don Allah ku daina yau ɗin nan.

Malam, tambayarka ta fi damuna. Gyambon da ya haura mako 3 bai warke ba, gefensa ya yi tauri, a harshen dattijo mai taba, sai mun tabbatar ba ciwon daji ba ne. Rashin zafin nan shi ke ruɗar mutane, domin dajin baki a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo. Ba shi da yawa cikin masu zuwa wurinmu, amma akasarin masu shi sai ya ci wuri suke zuwa. Ka duba ko akwai farin tabo da ba ya gogewa, ko jan tabo, ko kaluluwa mai tauri a wuya. Mai yiwuwa kaifin haƙori ne ke gugar harshen. In haka ne za a goge shi, gyambon ya warke cikin mako 2. In bai warke ba, za a yanki ɗan nama a kai gwaji. Gwajin ba ya watsa cutar, kar wani ya tsorata ku. Ka kai Baba asibitin koyarwa cikin makon nan, ya kuma bar tabar.

Tambaya: Ɗana mai shekara 3 ya tashi daga ƙyanda, bakinsa na wari, kumatunsa ya kumbura.

Amsa: Kada ki kwana da shi a gida. Alamun cutar noma ke nan, mai cin naman baki da fuska, cikin 'yan kwanaki takan huda kumatu. In an zo da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. Akwai asibitin masu cutar noma a Sakkwato, amma ki fara da asibiti mafi kusa, yanzu.