Yaya zan gane ko an cire wa karyar da na karɓa mahaifa?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Wata biyu ke nan da na karɓi wata karya daga hannun maƙwabcina da aka yi wa canjin wurin aiki, don ta riƙa yi mini gadin gidan gona a bayan garin Kaduna. Ya ce shekararta uku, kuma an riga an "yi mata aiki", ba za ta haihu ba. Bai ba ni ko takarda ɗaya ba, yanzu kuma wayarsa ba ta shiga. Yau kwana huɗu ina ganin ɗigon jini a inda take kwanciya, gabanta ya kumbura, karnukan unguwa sun tare a bakin ƙofa dare da rana. Na duba cikinta na ga wani ɗan tabo. Hankalina a tashe yake, domin ba ni da halin riƙe 'yan kwikwiyo, kuma ina tsoron kada ya zama wani ciwo ne. Wani mai sayar da magungunan dabbobi ya ce in kawo ta ya yi mata allura ɗaya, magana ta ƙare. Me zan yi?

AMSA: Malam, kafin komai, kada ka kai ta wajen mai allurar nan. Zan dawo kansa. Yau ɗin nan ka kulle ta a ɗaki ko keji mai rufi, domin ɗaure ta a fili ba ya hana komai, namiji yana tsallake katanga. Ka bar ta a killace har mako uku zuwa huɗu daga ranar da ka fara ganin jinin. Mutane da yawa sukan sake ta da zarar jinin ya ragu, alhali a daidai lokacin ne take karɓar namiji.

Abin da ka bayyana, jini da kumburi da taruwar maza, alamun shigar lokacin barbara ne. Karyar da aka cire wa gidajen ƙwai gaba ɗaya (wato inda ƙwan haihuwa ke fitowa, waɗanda akan cire tare da mahaifa) ba ta yin haka, domin sinadarin da ke kawo waɗannan alamu daga can yake fitowa. Saboda haka abin da ya fi ƙarfi a zatona shi ne karyarka tana nan da kayanta cif. Akwai kuma yiwuwar an yi aikin amma aka bar guntun gidan ƙwai a ciki, wanda yakan ci gaba da aiki. Sai abu na uku da bai kamata a manta da shi ba a ƙasar nan: wani ƙari da karnuka ke ɗauka ta hanyar barbara, mai kama da tsiron nama ja a cikin gaba, yana zubar da jini. Ya yawaita a karnukan da ke yawo, kuma yana jin magani, allurar binkiristin ce ake yi mako-mako. Likita zai bambance su da dubawa.

Shi kuwa tabon da ka gani, kada ka dogara da shi. Tabon wannan aiki yakan kasance siririn layi a tsakiyar ciki, daga ƙasan cibiya ya nufi baya, wani lokaci kuma a gefen ciki idan ta nan likitan ya shiga. Amma aikin fitar da 'ya'ya idan haihuwa ta gagara, da gyaran cibiya mai bulli, da ciro ƙashi ko leda daga hanji, duk a wannan wurin ake tsagawa. Ita kanta cibiyar kare ɗan tabo ce a shafe, na sha ganin an nuna mini ita ana cewa wurin tiyata ne. Rashin tabo ma ba hujja ba ne, don idan an yi aikin tun tana ƙarama yakan ɓace, ko an aske gashin sai an sha wuya a gan shi. A Amurka, wuraren kula da karnuka marasa gida sukan yi ɗan zane kore kusa da wurin ɗinkin don kawar da wannan ruɗani, wasu karnukan kuma suna ɗauke da wata na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata wadda lambarta ke kaiwa ga bayanansu. Idan karyar daga waje aka shigo da ita, a duba. Idan haifaffiyar nan ce, da wuya ka samu.

Ka yi sa'a, ka zo a lokacin da gwaji ya fi sauƙi. Yanzu da take zubar da jini, likita zai sa ɗan tsinken auduga ya shafo cikin gabanta, ya shafa a gilashi, ya duba da madubin likita. Idan ƙwayoyin fatar wurin sun bushe sun yi fale-fale kamar ɓawo, sinadarin istirojin mai kawo alamun barbara yana aiki a jikinta, wato akwai gidan ƙwai. Gwaji ne mai arha, na 'yan mintoci. Bayan 'yan makonni ana iya auna projestaron, sinadarin da gidan ƙwai ke fitarwa bayan barbara, a jini don ƙarin tabbaci. Da a ce ba ta nuna komai, sai a koma ga gwajin jini na AMH, sinadarin da gidan ƙwai ke fitarwa, ko na LH, wanda yakan hau sama a jikin wadda aka cire wa. Ba kowane asibiti ke da su ba. Hoton sikanin yana taimakawa, amma mahaifar karyar da ba ta da ciki siririya ce ƙwarai, rashin ganinta a hoto bai nuna babu ita ba.

To, mu dawo kan allura, domin a nan gizo ke saƙar, kuma ina kyautata zaton ita ce "aikin" da aka ce an yi wa karyarka.

Babu wata allura a shagon magani da ke maye gurbin tiyata. Abin da waɗannan mutane ke ɗirka wa karnuka, yawanci allurar tazarar haihuwa ce ta mata, ta wata uku, wadda aka fi sani da Depo. Sinadarin da ke cikinta yana kwaikwayon projestaron, sai ya danne barbara na wasu watanni. Mai kare ya ga shiru, ya ɗauka an gama. Ya ba wa wani karyar, ya ce masa an yi mata aiki, kuma har zuciyarsa ya yarda da abin da ya faɗa. Mahaifa tana nan, gidajen ƙwai suna nan, ƙarfin allura ya ƙare, jini ya dawo. 

Da a ce dawowar barbara ce kaɗai matsalar, da ban ɗaga murya ba. Mahaifar karya ba irin ta 'yar Adam ba ce wajen jure wannan sinadari. Yana sa bangonta ya yi kauri, ya riƙa tara ruwa, bakin mahaifar ya rufe, ƙarfinta na yaƙar ƙwayoyin cuta ya ragu. Sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, mahaifar ta cika da mugunya. Wannan ciwo muna kiransa payometira, kuma yana kisa. Ko ba tare da allura ba, wani bincike da aka yi a Suwidin ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a cire wa mahaifa ba suna kamuwa da shi kafin su cika shekara 10. Allurar tana ƙara wa wutar itace ne. A Amurka an taɓa sayar da wannan sinadari musamman don karnuka, aka janye shi daga kasuwa tun cikin shekarun 1960 saboda ciwon mahaifa. Abin da wasu suka bari fiye da shekara hamsin da suka wuce, shi ake yi wa dabbobinmu a bayan kanta, da kwalbar da aka auna don jikin mace baliga, ba a ko ɗora karyar a sikeli ba.

Ba a nan ya tsaya ba. Yana haddasa kulluttai a nono, wasu su rikiɗe su zama daji. Yana iya jawo ciwon suga. Idan aka yi ta ga karyar da ta riga ta ɗauki ciki, tana iya hana naƙuda zuwa, 'ya'yan su mutu a ciki su ruɓe. Mafi munin lokacin yin ta kuwa shi ne irin halin da karyarka take ciki yanzu, tana tsakiyar zubar jini. Wato mutumin nan ya kira ka ne a ranar da allurarsa ta fi haɗari. Gaskiya ne akwai magungunan jinkirta barbara da aka yi don karnuka, amma likita ne ke ba da su, da awo, a lokacin da ya dace, na ɗan wani lokaci, kuma ko su ba ma son a yi ta maimaitawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kalmar nan "an yi mata aiki" take jawo jinkiri. A kawo mini karya ta rame, tana shan ruwa kamar ba gobe, tana amai, ciki ya kumbura. In tambaya, a ce ai ba ta da mahaifa. Kafin a zo wurina an kwashe mako guda ana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta da maganin tsutsa, saboda ba wanda ya kawo mahaifa a ransa. A ɗora ta a tebur, a buɗe, a tarar da mahaifa ta kumbura kamar hanjin sa, cike da mugunya. Wadda aka kawo da wuri takan tashi. Wadda mahaifar ta riga ta fashe, ko ƙodarta ta taɓu, sau da yawa sai dai haƙuri. Mai allurar kuwa ya karɓi kuɗinsa tun bara, ba wanda zai je ya tuhume shi. Dabbar da ka ajiye tana kwana a waje tana tsare maka dukiya amana ce a wuyanka, ba ta da bakin da za ta ce cikinta na ciwo. Sayar da magani daban, likitanci daban. A Najeriya, Majalisar Likitocin Dabbobi ce ke yi wa likita rajista, kuma kana da haƙƙin tambayar duk wanda zai taɓa dabbarka ko yana da ita.

Ka kai ta asibitin dabbobi cikin makon nan. Daga Kaduna, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi maka nisa ba, akwai kuma likitoci masu rajista a cikin gari. Ka gaya musu duk abin da ka gaya mini, har da zancen allurar. Idan gwaji ya tabbatar da barbara ce, mun fi son a jira wata biyu zuwa uku bayan ta ƙare kafin a yi tiyata, saboda a yanzu jijiyoyin jinin wurin a cike suke. Idan kana zargin wani namiji ya riga ya same ta, ka faɗa, cikin karya kwana 63 ne kacal, kuma sikanin yana nuna shi daga wajen kwana 25. Tunda ba takarda, a yi mata rigakafin ciwon haukan kare a wannan zuwan.

A cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa ka sa mata ido sosai. In ka ga ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa da fitsari, tana amai, ko wani ruwa mai wari yana fita daga gabanta, kada ka jira gari ya waye. Ranar da aka yi tiyatar kuma, ka ce a nuna maka abin da aka ciro, gidajen ƙwai biyu da mahaifa, a rubuta maka a kati da kwanan wata da sa hannun likita, ka ajiye shi tare da katin rigakafinta.