Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ke Amurka

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce bayan rasuwar mahaifinku kawunku ya ɗauki ƙaninki yana ɗan shekara 9, kotu ta mayar da shi ɗansa, da wannan takarda ya shiga Amurka. Kina son sanin ko zai iya nema wa Mama izinin zama, kuma ko za ki ambace shi a fom ɗin bizarki.

Mun ɗanɗana wannan a gidanmu. Ɗan goggona haka aka tafi da shi. Da ya cika 21, yana da fasfo ɗin Amurka, ya cike fom I-130, wato fom ɗin nema wa dangi izinin zama, a 2019, ya biya dala 535 don ya ɗauko mahaifiyarsa. Goggo har ta sayi rigunan sanyi a gwanjo, ta wanke ta ninke a akwati. Ranar da amsa ta zo cewa an ƙi, ya kira ta ta bidiyo, ya ɗaga takardar yana nuna mata, bakinsa ya kasa furta komai. Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Dokar shige da ficensu ta ce yaron da aka mayar ɗa kafin ya kai 16, ya kuma samu izinin zama ta wannan hanya, iyayen da suka haife shi ba za su ci wata moriya ta dalilinsa ba. Hukuncin da hukumarsu ta ɗaukaka ƙarar shige da fice ta yanke a 1993 ya haɗa har da 'yan'uwan da suke ciki ɗaya. Don haka kada ya ɓata kuɗinsa, ko don Mama ko don ke. A wurinmu nasaba ba ta yankewa, Suratul Ahzab ma ta ce a kira su da sunan ubanninsu, amma jami'in da ke duba fayil takardar kotu yake bi. Da riƙo ne irin namu na gida, ba kotu ba hatimi, da Mama tana nan a matsayin uwarsa a idonsu.

Batun ambatonsa kuwa, a nan nake roƙonki ki yi hattara. Rashin ikon nema miki takarda daban, ɓoye shi daban. Fom DS-160, wanda ake cikewa don neman bizar zuwa na ɗan lokaci, yana tambayar dangi na kusa da ke Amurka, sannan ya sake tambayar ko akwai wasu dangin. Ki amsa da e, ai kawunku ma yana can. Wanda aka kama da ɓoye gaskiya da gangan ana iya haramta masa biza har abada, kuma sunan Mama yana cikin tsohon fayil ɗin ƙaninki.

Ranar ganawa da jami'in biza ki riƙe kwafin hukuncin kotun a jaka. In an tambaye ki, ki ce uwa ɗaya uba ɗaya kuke, kawu ya mayar da shi ɗansa a shekara kaza. Mama kuma tana iya neman bizar ziyara da kanta, kodayake sai ta gamsar da su cewa za ta dawo. Allah Ya sada ta da ɗanta cikin alheri.