Tambaya da Amsa: Ɗan kwangila ya taɓa cikin Moodle ɗinmu, ya ce kada mu ƙara sabunta ta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki a sashen kwamfuta na wata kwaleji a nan Sakkwato. A 'yan shekarun baya hukumar makaranta ta kawo wani ɗan kwangila ya kafa mana Moodle 3.9, wato manhajar koyarwa ta intanet, aka ce kuma ya sa ta riƙa hana ɗalibin da bai biya kuɗin makaranta ba shiga kwasa-kwasansa. Ya yi, tana kuwa aiki. Amma da zai tafi sai ya ja mana kunne kada mu kuskura mu sabunta ta, wai aikinsa zai goge. Yanzu ko an kira lambarsa ba ta shiga. Shugabanmu kuma yana son a ƙara abu biyu: a riƙa tura wa ɗalibi saƙon tes idan malami ya saka maki, sannan a riƙa fitar wa ofishin jarrabawa rahoton halartar darasi. Ni aka ɗora wa nauyin. Na iya PHP, harshen da aka rubuta Moodle da shi, daidai gwargwado, na kuma ga inda ya rubuta nasa a cikin foldar lib da ta login. In bi sawunsa in ƙara nawa a wurin? Wallahi abin yana hana ni barci, don makin ɗalibanmu gaba ɗaya yana ciki.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan fargabar taka tana kan hanya, kuma ita ce ta cece ka har ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. Kada ka bi sawunsa. Ko harafi ɗaya kada ka ƙara a cikin lib ko login.

Zan daɗe a kan wannan, don ita ce cutar da nake gamuwa da ita kusan duk inda aka kira ni. Mutane sun ji an ce Moodle buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na da damar gyara ta, sai suka ɗauka ma'anar ita ce a buɗe kowane fayil a cusa abin da ake so. Damar gaskiya ce, lasisin GPL ya ba ka ita. Amma wanda yake da ikon yin abin da ya ga dama da wayar wutar gidansa, ba shi ke nufin ya fere ta a tsakiyar bango ya ɗaura fanka ya naɗe da leda ba, alhali ga soket nan an tanada. Tun da Martin Dougiamas ya fitar da Moodle a Ostireliya a 2002, a kan wannan tsari aka gina ta: uwar manhaja daban, abin da ake jona mata daban. Hatta jarrabawa da aikin gida da dandalin tattaunawa da kuke amfani da su kullum, fulogin ne, wato ƙarin da ake jona wa manhaja, da ke zaune a foldar mod. Masu manhajar da kansu ta soket suke bi. Me zai sa ɗan kwangila ya fasa bango?

Ga abin da aikinsa ya jawo muku. Sabunta Moodle yana nufin a ajiye tsofaffin fayiloli gefe, a zuba sababbi, a mayar da config.php da fulogin ɗin da aka ƙara. Duk abin da aka rubuta a cikin uwar manhaja ya tafi ke nan. Don haka gaskiya ya faɗa da ya ce aikinsa zai goge. Abin da bai faɗa muku ba shi ne laifin na aikin ne. Ya ɗaure ku a 3.9, wadda ta fito a watan Yunin 2020, aka kuma daina yi mata gyaran tsaro a ƙarshen 2023. Moodle kuwa idan ta toshe wata kafar kutse tana sanar da duniya, gyaran ma a fili yake ga mai son karantawa. Ke nan duk wata kafa da aka toshe a sababbin sigogi, taswira ce a hannun ɓarawo ta shiga taku. Misali ɗaya ya isa: a watan Agustan 2024 an toshe wata kafa a nau'in tambayar nan mai lissafi, wadda ta ba mai ikon rubuta tambayoyi damar sarrafa sabar kanta. An fitar da gyara ga 4.1 zuwa 4.4. Taku ba ta samu ba. Yanzu ka tuna malamai nawa ne a kwalejinku suke miƙa wa ɗalibi kalmar sirrinsu ya taya su saka tambayoyi.

Jita-jitar da ke biyo baya ita ta fi ɓata mini rai. Za ka ji babban ma'aikaci, da digirinsa, yana cewa sabuntawa tana goge maki, ko kuwa abin da ke aiki ba a taɓa shi. Maki a rumbun bayanai yake, takardun da aka ɗora suna cikin foldar moodledata, sabuntawar da aka yi bisa ƙa'ida ba ta cinye ko ɗaya. Wanda ya yi asara, in ka bincika, bai ɗauki kwafin ajiya ba, ko ya yi tsallake daga tsohuwar siga zuwa sabuwa ba tare da bin matakala ba, ko ya yi aikin a tsakiyar makon jarrabawa. Daga nan sai labarin ya zaga gari a matsayin laifin manhaja.

Na taɓa zuwa wata makaranta da ke da irin matsalarku. Ɗakin sabar ya yi zafi kamar tanda, watan Afrilu ne, an ɗauke wuta, inbata ce kawai ke ƙara. Na buɗe login/index.php. A tsakiyar fayil ɗin ga layi kusan ashirin na baƙo: kalmar sirrin rumbun bayanan ofishin kuɗi a rubuce ƙuru-ƙuru, lambar ɗalibi ana liƙa ta kai tsaye a cikin umarnin SQL ba tacewa, a ƙasa kuma wani sharaɗi da ke cewa in sunan mai shiga kaza ne, a wuce da shi ba bincike. Ƙofar baya ce ya bar wa kansa. Shekaru tana nan, ba wanda ya sani. Ban ce naku ya yi haka ba, amma ba ka da hujjar cewa bai yi ba sai ka duba.

To, ka fara da dubawa. Buɗe version.php na saman foldar Moodle, ka ga ainihin sigar da ranar da aka haɗa ta. Samo tsaftatacciyar irinta daga ma'ajiyar Git ta Moodle, inda ake ajiye kod ɗinta, ka kwatanta foldodin biyu da diff, manhajar da ke nuna bambancin fayiloli. Duk layin da ya bambanta, aikinsa ne, ka rubuta shi da abin da yake yi. Ka sa ido musamman a kan eval da base64_decode, waɗanda akan ɓoye mugun kod da su, da kowane dogon rubutu marar ma'ana, balle in jigon shafinku, wato kwalliyar fuskarsa, irin wanda ake rabawa kyauta a WhatsApp da Telegram ne alhali na sayarwa ne. Araha ba ta ado; irin waɗannan sau da yawa da guzurinsu suke zuwa. Kafin komai kuma ka kwafi abu uku, fayilolin manhaja da rumbun bayanai da moodledata, ka tayar da su a wata kwamfuta ka tabbatar sun tashi. Kwafin da ba a gwada mayar da shi ba, kada ka dogara da shi.

Batun kuɗin makaranta, abin takaicin shi ne da wuya ma ya buƙaci dogon kod. Moodle tana zuwa da hanyar shigar da ɗalibai daga rumbun bayanai na waje, wato enrol_database, kuma ana iya saita ta ta dakatar da rajistar wanda sunansa ya fita daga jerin, maimakon ta cire shi. Dakatarwa ita ta dace, don makinsa da ayyukansa suna nan har ya biya. In jarrabawa kawai ake son rufewa, ka ƙirƙiri wani gurbi a bayanan ɗalibi, ka kafa sharaɗin shiga a kansa. Idan ofishin kuɗinku takardar Excel suke bayarwa ko wata hanya ta daban, a nan ne za ka rubuta ƙaramin fulogin a foldar local, ka ba shi aiki mai maimaituwa a db/tasks.php, ya riƙa karanto jerin yana sabunta rajista. Kalmar sirri kuma a settings.php za ka yi mata gurbi, kada ta zauna a cikin kod. Sai ka tabbatar cron, wato mai tayar da ayyukan Moodle a kan lokaci, yana gudana kowane minti ɗaya kamar yadda Moodle ta ba da shawara; na ga inda aka yi watanni yana kwance ana mamakin me ya hana saƙonni fita.

Rahoton halarta kada ka ɓata ƙarfinka. Akwai mod_attendance a rumbun fulogin na Moodle, tsoho ne kuma ana kula da shi. Daga 4.0 kuma akwai maginin rahoto a cikin manhajar kanta. Ka duba dai fulogin ɗin da za ka ɗauko ya dace da sigarku, da kuma yaushe rabon a taɓa shi.

Saƙon tes shi ne aikin da ya cancanci hannunka. Ka raɗa masa suna irin local_sakontes, sunan folda da na component a version.php su yi daidai. A db/events.php ka sa shi sauraron \core\event\user_graded. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tura saƙon nan take daga cikin mai sauraron. Ranar da layin kamfanin saƙo ya yi nauyi, malami zai danna ajiye maki ya zauna yana kallon shafi yana juyawa. Ka jera aikin a matsayin adhoc task, wato aikin da ke jiran layi, cron ya ɗauke shi daga baya. Ka bincika ko makin ɓoyayye ne, don malamai kan saka maki su ɓoye har sai hukumar jarrabawa ta amince. In tes ya riga ta fita, rigimar da za ta tashi kai za ta faɗo wa. Malami kuma yakan gyara maki sau biyu ko uku a zama ɗaya, ka hana saƙo maimaituwa. Shawarata ma kada ka sa makin a cikin tes ɗin. A garuruwanmu waya ɗaya takan zaga gida, lambar da ɗaliba ta bayar mai yiwuwa ta mahaifinta ce ko ta mijinta. Ka ce an saka maki, ta shiga ta gani. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan makarantarku, Moodle ma tun 3.5 tana son kowane fulogin ya bayyana bayanan mutane da yake ajiyewa ko yake fitarwa waje.

Sauran ka san su, tuni kawai nake yi: require_login da require_capability a kowane shafi, required_param da nau'in da ya dace, sesskey a duk abin da ke canza bayani, $DB da gurabe a maimakon liƙa rubutu, kalmomi duka a foldar lang don ranar da za a so su da Hausa. In ka canza tebur, ka ɗaga lambar siga ka rubuta matakin a db/upgrade.php, gyara install.xml kaɗai ba ya taɓa wurin da aka riga aka girka. Ka kunna yanayin nuna kurakurai na masu gini a kwamfutar gwaji. Shafin da ka gina kuma ka buɗe shi a ƙaramar waya da raunin sabis, don ɗalibin da ke Illela ko Tambuwal lokacin hutu da ita zai gan shi.

Matakalar sabuntawa a bayyane take. Daga 3.9 za ka hau 4.1 a kan PHP 7.4, wanda dukansu biyu suke karɓa. Sai ka ɗaga PHP zuwa 8.1, sannan ka hau 4.5, mai dogon tallafi da ta fito a Oktoban 2024. Ita tana buƙatar ka taso daga 4.1.2 ko sama. Ka duba sigar MariaDB ko MySQL a kowane mataki. Tsohon jigo zai iya watsewa, don fuskar Moodle ta canza sosai a 4.0, gara ka gina ƙaramin jigo a kan Boost, jigon da Moodle ke zuwa da shi.

Na san abin da za ka tarar a ofis. Za ka rubuta takarda kana neman sabar gwaji da mako biyu, ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur, alhali ɗan kwangilar da ya jawo wannan duka a zama ɗaya aka sa masa hannu, ba wanda ya tambaye shi ina kod ɗin, ina bayanin aikin. Kada ka jira ta. Tsohuwar laftof ta isa gwaji. Ka kai wa shugabanku sakamakon diff a buge a takarda, ka nuna masa layukan da yatsa, ka nemi a ba ka hutun ƙarshen zango don aikin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma roƙe shi duk kwangilar da za a bayar nan gaba a rubuta a ciki cewa aiki fulogin ne mai zaman kansa, a miƙa shi a ma'ajiyar Git ta makaranta, ba a kulle kod ba, a kuma gwada shi a sigar da ke gaba kafin a biya kuɗin ƙarshe.

A wannan makon dai, tun kafin komai, ka canza kalmar sirrin rumbun bayanai da ta sabar, ka duba jerin masu ikon gudanar da shafin, ka cire duk sunan da ba ka san mai shi ba. In ka gama kwatancen, turo mini jerin fayilolin da suka bambanta, mu ga wanne zai koma fulogin, wanne za a zubar.